Dogo Ya Ratsa Gona, Me Zai Bar Wa 'Ya'yanmu?

 Makon nan zancen gini za mu yi, zancen siminti da ƙarfe da tsakuwa. Na san wata za ta ce, "Ina ruwan mace da wannan? Ai aikin maza ne." To, 'yar'uwa, ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe. Ran da aka karɓi gonar gidanku don aikin Gwamnati, tukunyarki ce za ta fara sani kafin kowa.

Aikin da ake yi a ƙasarmu

Ran 9 ga watan Fabrairu, 2021, Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi ta ƙasar Nijar. Hanyar ta tashi daga Kano, ta bi ta Dambatta, ta shigo Kazaure, ta wuce Daura da Mashi da Katsina da Jibiya, sa'an nan ta ƙetare iyaka. Tsawonta kilomita 284 ne, watau wajen mil 176, ban da reshen da aka tsara daga Kano zuwa Dutse. Wani kamfani na ƙasar Fotugal, Mota-Engil, shi aka ba kwangilar, a kan kuɗi kusan dala biliyan 2. Har wa yau, a 2023 aka ƙaddamar da aikin mai da hanyar mota ta Kano zuwa Kwangwalam tagwaye, wadda ita ma ta ratsa Kazaure da Daura, kamfanin BUA ne ya ɗauki nauyin wannan.

Wannan dogo ya fi tsohon faɗi. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe a tsohuwar hanyar da ta bi ta Ringim zuwa Nguru ƙafa 3 ne da inci 6, na sabon kuwa ƙafa 4 da inci 8 da rabi. Kafin a aza ƙarfen sai an share daji, a yanke tudu, a cike kwari, a danne ƙasa har ta yi tauri, a gina gadoji da kwalbatoci inda ruwa yake bi. Daga nan a zuba tsakuwa, a jera gunduma-gunduman kankare a gicciye, kāna a ɗaure ƙarfen dogo a kansu. Jirgin ƙasa ba ya son lanƙwasa, ba ya son hawa da gangara. Shi ya sa hanyarsa ba ta kewaye gonar kowa. Inda safiyo ya kafa fegi, nan za ta bi, ko da ta raba gonarku biyu, ko ta bi ta kan rijiyar unguwa.

Kada wata a Roni ko Gwiwa ko Babura ta ce abin bai shafe ta ba don ƙarfen bai zo ƙofarta ba. Samarin garuruwan nan suna zuwa neman aiki inda ake yinsa, kuma darasin da ke ciki ɗaya ne ko hanyar mota ce, ko madatsar ruwa, ko filin makaranta aka zo yanka.

Abin da diyya take biya, da abin da ba ta biya

Ya kamata kowace mace mai karatu ta san abin da doka ta ce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a, kuma ta ba Gwamnati iko ta karɓi fili in za a yi aikin da zai amfani kowa. Diyyar da dokar ta yi magana a kai ta abin da mutum ya yi a kan filin ce, kamar gini da shuka da itatuwa masu amfani. Ta kuma ce in gonar ƙauye ce da ake nomawa aka karɓa, ƙaramar hukuma ta ba mai ita wani wurin da zai noma. Wannan magana ta ƙarshe mutane da yawa ba su san da ita ba, don haka ba su tambaya.

To, ku duba bambancin gona da kuɗi. Gona kowace damina tana ba da gero da dawa da wake da gyaɗa, ta ba da kara na danni da harawa ta dabbobi, baɗi kuma ta sake bayarwa. Uba ya mutu ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika. Kuɗin diyya kuwa sau ɗaya ake miƙa su. Ran da suka shigo gida, dangi na nesa da na kusa duk sun ji. Wannan yana bin bashi, wancan zai aurar da 'ya, maigida kuma ga babur yana so, wani ma har ya fara zancen ƙarin aure. Kafin damina biyu sai a nemi kuɗi a rasa, gonar kuma tana ƙarƙashin tsakuwa har abada.

Akwai kuma asarar da ta fi shafarmu mu mata, wadda ba kasafai mai rubutu yake sa ta a takarda ba. Ɗorawar da ke gefen gona, ita ce kalwarki ta daddawa. Kukar nan miyarki ce, tsamiya kununki. Gayaunar da kike shuka kuɓewa da yakuwa da riɗi, daga nan kike samun kuɗin adashi da na kayan ɗakin 'yarki. In an biya kuɗin itace, hannun maigida zai shiga, ke kuwa sana'arki ce ta tafi.

Ba yau aka fara tashin mutane don aikin Gwamnati ba. Da aka gina madatsar ruwan Kainji, wadda aka gama a 1968, an tashi mutum fiye da 40,000, tsohon garin Busa ma ruwa ya cinye shi aka gina sabo. Da aka gina ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, lokacin Kazaure tana cikin Jihar Kano, ƙauyuka da dama sun tashi. Saboda irin abubuwan da aka gani a wurare da yawa na duniya, manyan bankunan da ke ba da rancen ayyuka, irin su Bankin Duniya, suka kafa ƙa'ida cewa wanda aiki ya raba da hanyar cin abincinsa, sai an taimake shi ya sami wata, kada a bar shi ƙasa da yadda aka same shi. Koyar da sana'a yana cikin hanyoyin da ake bi a cika wannan ƙa'ida. Saboda haka wanda ya rasa gona ya nemi a koya wa ɗansa aiki, bai yi roƙo ba, bai kuma yi rashin kunya ba.

Kakanninmu sun ɗauki ƙasa a kai

A 1907 Turawa suka fara shimfiɗa dogo daga Baro ta bakin Kwara, ƙarfen ya iso Kano a 1911. Talakawa aka riƙa tarawa ta hannun sarakuna da hakimai, da yawansu ba da son ransu ba, suka yi aikin diga, suka ɗauki ƙasa a kwando. Da aka gama, kowa ya koma ƙauyensu. Aikin da ya dawwama kuwa, na tuƙin jirgi da gyaran inji da akawun tasha da buga waya, yawancinsa ya tafi hannun mutanen da suka riga mu shiga makarantar boko da ta sana'a, waɗanda suka zo daga kudu suka zauna a Sabon Gari. Ba laifinsu ba ne, wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Amma abin kunya ne a ce bayan shekara fiye da 100 an sake kawo dogo, jikokin masu kwando kuma har yanzu kwanon kankare kaɗai suka iya ɗauka.

Lebura da mai sana'a

Uwargida, in ɗanki ya zo da murna ya ce ya sami aiki a kamfani, ki yi masa addu'a, sa'an nan ki tambaye shi, "Wane aiki?" In ya ce lebura ne, halal ne, ba abin raini ba ne, amma ki san iyakarsa. Lebura ƙarfinsa yake sayarwa. Ran da aikin ya wuce garinku za a sallame shi, don a gari na gaba ma akwai masu ƙarfi suna jira. Zai dawo gida da ciwon baya da 'yan kuɗin da ba za su kai Salla ba.

Mai sana'a dabam ne. Ga birkila mai jera bulo. Ga kafintan da ke haɗa katakon da ake zuba kankare a ciki. Ga mai lanƙwasa rodi yana ɗaurewa bisa yadda zane ya nuna. Ga mai walda, da mai haɗa wayar lantarki, da mai aikin famfo, da mai fenti, da mai sa tayil. Ga direban katafila da na gireda da na tifa, da makanikin da ke gyara su. Ga yaron safiyo da ya iya riƙe sanda da karanta awo, ga mai kula da sito da ya iya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Irin waɗannan in aiki ya matsa gaba kamfani yakan tafi da su, in kuwa bai tafi da su ba, gari yana bukatarsu. Duk inda aka yi tasha, shaguna da rumfuna da gidajen haya za su biyo baya, kuma ita kanta hanyar sai an riƙa gyaranta muddin jirgi yana bi.

Ga dabara ɗaya da za ki gaya wa ɗanki. In lebura aka ɗauke shi, kada ya tsaya a ɗaukar kaya kurum. Ya zaɓi gwani ɗaya a wurin, ya manne masa, ya riƙe masa igiya, ya wanke masa cokalin gini, ya riƙa tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Wurin babban aiki makaranta ce da ba a biyan kuɗinta, amma ba ta daɗewa a gari ɗaya.

Inda ake koyo, da takardar shaida

Allah ya yi mana arzikin makarantu a kusa. A Kazaure akwai Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, inda ake karanta fannonin injiniya. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Fasaha a Babura. A Daura, wadda ba ta da nisa da mu, akwai Jami'ar Sufuri da aka aza harsashinta a 2019, domin a horar da waɗanda za su riƙe aikin jirgin ƙasa. Waɗannan na wanda ya gama sakandare ne da sakamako mai kyau, mace ko namiji.

Wanda karatunsa bai kai can ba, ƙofa ba ta rufe ba. Akwai kwalejojin koyon sana'a na jiha, inda ake rubuta jarrabawar hukumar NABTEB. Akwai hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, mai ofis a Dutse, wadda takan haɗa matasa da gwanayen sana'a su koya a hannunsu. Akwai asusun horar da ma'aikata, ITF, da aka kafa tun 1971, shi ma yakan buɗe horon sana'o'in hannu. Sa'an nan ga tsohuwar hanyarmu ta gado, a kai yaro wurin maigidan sana'a amintacce a gari, a damƙa shi amana.

Ko ta wace hanya ya koya, ki nace ya sami takarda. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yi wa masu sana'ar hannu jarrabawar gwaji, mataki uku ne, ana farawa daga na 3, a hau na 2, a ƙare a na 1. Amfanin takardar shi ne, a garinku kowa ya san ɗanki gwani ne, amma ɗan kwangilar da ya zo daga nesa bai san shi ba, takarda kaɗai zai duba. Yara biyu masu hannu ɗaya, mai takarda a rubuta shi mai sana'a, marar takarda a rubuta shi lebura, ladansu kuma ba ɗaya ba.

Wa ya ce mace ba ta gini?

Yanzu na zo kan 'ya'yanmu mata. Ku tambayi kakanninku yadda ake gama ɗaki a dā. Magina maza su ne da tubali da azara, gaskiya ne. Amma in sun sauko, wa yake daɓe? Mata ne suke taruwa, a baza ƙasa da birji, a jiƙa makuba ta ɓawon ɗorawa a yayyafa, kowace ta ɗauki madaɓinta, ana bugu ana waƙa, har ƙasan ɗaki ya yi sumul yana ƙyalli. Wa yake shafe bango da farar ƙasa in Salla ta matso, ko za a kawo amarya? Mata ne. Ashe ƙarasa gini da ƙawata shi aikinmu ne tun asali. Da siminti da tayil da fenti suka zo, sai muka saki aikin ya koma hannun maza, muka zama masu kallo.

Ga wata hujja da na tabbata malamai da mazajenmu ma za su yarda da ita. Yawancin gidajenmu ba a shiga. In famfo ya fashe a tsakar gida, ko wayar lantarki ta lalace a ɗakin uwargida, sai a jira maigida ya dawo, a nemo mai gyara, a yi sallama, mata su shige ɗaki su rufe ƙofa. Wani lokaci a kwana uku ana jira. Da a ce akwai mace a unguwa wadda ta iya aikin famfo ko na waya ko fenti, da sai ta shiga kai tsaye, ta yi aikinta cikin 'yan'uwanta mata, ta karɓi ladanta, mutuncin kowa a tsare. Kamar yadda muke son ungozoma da malamar asibiti mace, haka wannan. A kudu wata mata 'yar Benin, Sandra Aguebor, ta zama makanikiyar mota, a 2004 kuma ta kafa ƙungiyar koya wa 'yan mata aikin. Ita ma an yi mata dariya da farko.

Ban ce a ga 'yarki a kan tsani tana ɗaukar bulo a tsakiyar maza ba. Aikin gini yana da rassa. Akwai zanen gida, akwai ƙididdigar kayan aiki da kuɗinsu, akwai gwajin ƙasa da kankare a ɗakin gwaji, akwai riƙon sito da lissafin albashi. Duk waɗannan da alƙalami da natsuwa ake yinsu, kuma mace ba ta gaza namiji a nan ba.

Ku 'yan makaranta

Mu da muke tsayawa gaban allo mun san yadda 'yan mata da yawa suke sunkuyar da kai in an shigo darasin lissafi, suna cewa ba shi da amfani a ɗakin miji. To, ku saurara. Gini gaba ɗayansa lissafi ne.

Kankaren da aka saba zubawa a ƙananan gine-gine, kwano 1 ne na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Wannan shi ne darasin rabo da kuke yi a aji. Buhun siminti kilo 50 ne. Bulo mai inci 9 ko mai inci 6, wajen guda 10 ne suke rufe bango mai tsawon mita 1 da tsayin mita 1. Saboda haka katanga mai tsawon mita 10 da tsayin mita 2 za ta ci bulo wajen 200. Yarinyar da ta iya wannan, ba mai cutar mahaifinta a wurin sayen bulo. In magini yana so kusurwar ɗaki ta daidaita, sai ya auna ƙafa 3 a wannan gefe, ƙafa 4 a wancan, in tsakaninsu ya ba da ƙafa 5 cif, kusurwa ta yi. Wannan ma yana cikin littafinku na sakandare.

Ga kuma na kimiyya. Mutane suna zaton bushewa ce take sa siminti ƙarfi. A'a, haɗuwarsa da ruwa ce. In rana ta shanye ruwan da wuri, kankare zai yi rauni ya tsattsage. Shi ya sa ake ba sabon gini ruwa safe da yamma har kwana 7 aƙalla, kuma injiniyoyi sai ya kwana 28 suke gwada cikakken ƙarfinsa. A ƙasarmu mai zafin rana da iskar hunturu, wanda bai san wannan ba zai yi asarar kuɗinsa. Ku riƙe lissafi da kimiyya da Turanci da hannu biyu, su ne mabuɗin makarantun da na ambata. Ga Kwalejin 'Yan Mata ta Tarayya nan a Kazaure. Ba abin da zai hana wadda ta fita daga cikinta, ko daga makarantar jeka-ka-dawo ta Roni ko Gwiwa, ta zama injiniyar da za ta riƙa duba wannan dogo.

Abin da uwargida za ta yi

Na ɗaya, in aka zo rubuta gonaki da gidaje, ki tabbata an rubuta naki. Mata da yawa suna da kaso a gonar gado, wanda yake hannun wa ko ƙane yana nomawa. Musulunci ya ba ki wannan haƙƙi, aure bai soke shi ba. Ki yi magana cikin ladabi tun kafin a rufe takarda, ki sa a ƙirga itatuwa ɗaya-ɗaya, ki adana duk wata takarda da aka bayar a cikin adaka inda gara ba za ta ci ba.

Na biyu, ki yi shawara da maigida tun kuɗi ba su zo ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi, hankalinsa a kwance. Ki ce, "Malam, gonan nan ta yara ce, mu riƙo muke yi. In an biya, mu fara neman wata gonar ko ƙarama ce. Abin da ya saura mu ware na koyon sana'ar yaran nan da kayan aikinsu, kafin a taɓa ko kwabo." Yaron da ya gama koyo ba shi da zarto ko cokalin gini ko injin walda, zai zauna yaron wani har tsufansa.

Na uku, ku haɗa kai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matan unguwa da gonakinsu suka shiga aiki su zauna, wadda ta iya rubutu ta rubuta sunayen samari da 'yan matan kowane gida, da shekarunsu, da inda karatunsu ya tsaya, da sana'ar da kowa yake so. A ba mazaje su kai wa mai unguwa, ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi da ƙaramar hukuma. A nemi abu bayyananne: in za a ɗauki masu koyon aiki, a fara da 'ya'yan waɗanda suka rasa gona, a sa 'yan mata a ciki, a kuma ba da takardar shaida in an gama. Manyan ayyuka sukan ajiye jami'in hulɗa da jama'a, a tambayi wane ne, a kai masa kwafin takardar. Kuka a tsakar gida ba ya isa ofis, amma takarda mai sunaye tana isa.

Na huɗu, kuɗin adashi ma yana iya sayen abin buga bulo ko kayan aikin famfo, kamar yadda yake sayen kwalla da katifa. In kuna da haɗin kai, kuna iya karɓar dafa wa ma'aikata abinci daga cikin gidajenku, babban namiji ya kai.

A yi hattara

Duk inda kuɗi suka sauka, macuta suna biye. Wani zai zo da takarda ya ce fom ne na ɗaukar aiki, a kawo kaza. Kada ki sayar da akuyarki ki ba shi. A tambayi mai unguwa ko ofishin ƙaramar hukuma tukuna.

Kada a cire yaro daga aji don ladan yini. Dokar ƙwadago ta hana sa wanda bai kai shekara 18 ba aiki mai haɗari, kuma wurin da katafila take juyawa ba wurin yara ba ne. Wanda ya isa aiki kuwa, ki matsa masa ya sa hular kwano da takalmin aiki, mai walda ya rufe idonsa da gilashi, don ido ba shi da na canji. Ki kuma ja masa kunne game da ƙwayoyin da ake cewa suna ƙara ƙarfi. Sun lalata samari da yawa.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi damuna, shi ne talla. Sansanin ma'aikata cike yake da baƙi, maza da suka baro iyalinsu nesa, ga kuɗi a aljihu. Akwai mutanen kirki a cikinsu, akwai kuma waɗanda ba su ba. Don Allah, 'yar'uwa, kada ribar tuwo ko ta ƙosai ta sa ki aika 'yarki budurwa can, balle da yamma. Abin da za a rasa ba a biyan diyyarsa. Yarinyar da za ta yi yawo da faranti a kai, gara ta zauna a aji ta koyi lissafin da zai sa wata rana ta shiga wurin da takarda a hannu, ana gaishe ta.

'Yan'uwana, hanyar jirgi abin alheri ce, muna fata ta kawo ciniki da sauƙin tafiya tsakaninmu da 'yan'uwanmu na Katsina da Maraɗi. Amma wanda ya ba da gonarsa ya fi kowa cancantar ya ga amfanin aikin a cikin gidansa, kuma da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Injuna da gwanaye ba za su dawwama a ƙasarmu ba. Yau da dare, in an gama cin tuwo, ki kira ɗanki da 'yarki, ki tambayi kowannensu sana'ar da yake so ya iya. Gobe ki gaya wa maigida amsar da suka ba ki. Wadda take da tambaya, ko labarin yadda abin ya kasance a garinsu, ta rubuto wa Edita, za mu buga a wannan fili.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a abin da hannuwansu za su yi, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.